Azurfa da Dalma: Tarihin Rarrabe Ta Ƙwarai da Jabu a Gabashin Sakkwato

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wata tambaya wadda take ƙarama a baki, amma mai nauyi a kasuwa da wurin rabon gado da gaban alƙali, watau yadda mutanen gabashin Sakkwato, daga Wurno zuwa Rabah da Goronyo da ƙauyukansu irin su Tursa, suke rarrabe azurfa ta ƙwarai da farin ƙarfen da ya yi kama da ita. A Ingila tun shekarar 1300 doka ta wajabta a gwada kayan azurfa a buga musu hatimin hukuma kafin a sayar. A ƙasar Hausa kuwa ba a yi irin wannan tsari ba. Abin da ya tsaya a madadin hatimi shi ne kuɗin azurfa na ƙasashen waje, da amanar maƙeri, da hukuncin shari'a. Ranar da aka zare azurfa daga cikin kuɗi kuwa, ma'aunin da talaka yake riƙe da shi a hannu ya suɓuce.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ƙasar Hausa ba ta da wata mahaƙar azurfa da ta taka kara ta karya. Zinariya akan same ta a wajajen Zamfara, tama kuwa kusan ko'ina, amma azurfa baƙuwa ce. Abin da ƙasar take da shi a yalwace shi ne kishiyarta, watau kuza. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe a kudancin Kano, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi, suna wanke kuza a rafuka, su narke shi, su zuba shi sirara-sirara kamar tsinken ciyawa, fatake su yi ta rarraba shi kasuwanni. Sawun waɗannan tsinkaye ne Kamfanin Neja ya bi a farkon ƙarni na 20 har ya kai ga ma'adinan dutsen Jos. Bahaushe kuwa yakan kira narkakken kuza dalma, ya kuma kira ƙarfen nan mai nauyi da ake harsashi da shi dalma, ko da yake ƙarafa biyu ne dabam. In aka gauraya su, ko aka ƙara wa kuza ɗan jan ƙarfe, sai a sami wani farin ƙarfe mai taushi, mai saurin narkewa, wanda in aka goge shi sabo-sabo yana iya ruɗin idon wanda bai saba ba. Saboda haka abin yin algus yana gida da araha, abin da ake kwaikwayo kuwa sai ya ƙetaro Sahara.

Azurfar da ta ƙetaro ɗin mafi yawanta a siffar kuɗi ta zo. Akwai dalar Sifen, amma wanda ya fi shahara shi ne riyal, ko liyari, na Sarauniya Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya. Wannan sarauniya ta rasu a shekarar 1780, amma saboda yadda 'yan kasuwan ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan suka amince da kuɗinta, sai aka ci gaba da buga shi bayan rasuwarta, ba a sake hoton ba, ba a kuma sake shekarar ba. Faɗinsa wajen santimita 4 ne, nauyinsa giram 28, kuma a cikin kowane kashi 1,000 na jikinsa kashi 833 azurfa ce, sauran jan ƙarfe ne domin ya yi ƙwari. A fuska ɗaya akwai sarauniyar da lulluɓi da wani ɗan maɓalli mai duwatsu a kafaɗa, a ɗaya fuskar kuma gaggafa mai kai biyu, wadda ta sa Larabawa suke ce masa Abu Ɗair, watau mai tsuntsu. A gefensa kuma akwai rubutu mai tudu wanda ya kewaye shi. Wannan rubutu na gefe ba don ado kaɗai aka yi shi ba: wanda ya kankare gefen riyal don ya saci azurfa, rubutun zai tona shi, wanda kuma ya zuba na ƙarya a cikin yumɓu da wuya rubutun ya fita sarai.

Ayarin Larabawan Gadamus da na Buzaye su ne suke kawo shi daga Tarabulus ta Gat da Agadas zuwa Katsina da Kano da Sakkwato, wani kuma ta Borno. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kuma sauka Wurno a watan Afrilu na 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya tarar ana canjin riyal ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano. Kafin ƙarshen ƙarnin wuri ya yi yawa ya faɗi, har riyal ya kai wuri 5,000. A nan ne ake ganin dalilin da ya sa mai dukiya yake ƙaunar azurfa. Wuri yana da nauyi, yana cin lokaci wajen ƙirga, darajarsa kuma tana zubewa shekara da shekara, alhali riyal 20 suna shiga cikin ɗan zabira, ko kuma a narke su su zama mundaye a hannun uwargida, inda ba mai ƙirga su sai ranar buƙata.

Wurno da garuruwan da suke kewaye da ita suna da dalili na musamman na buƙatar wannan ƙarfe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya gina Wurno ta zama ribaɗi mai tsare Sakkwato daga hare-haren Gobirawa, a can ya zauna, a can kuma aka binne shi. A zamaninsa da na 'ya'yansa aka raya wasu ribaɗoɗi a wannan shiyya, kamar Rabah da Gandi da Shinaka ta ƙasar Goronyo. Manufar Bello ita ce ribaɗi ya zama gari sosai mai masallaci da makaranta da kasuwa, kuma a littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, har da maƙera, a cikin wajiban shugaba. Sarakunan Musulmi da dama bayansa sun zauna Wurno, har zuwa Abdurrahman wanda ya rasu a 1902. Inda fada take kuwa nan dawaki suke, nan baƙi da kyaututtukan sarakunan gabas suke sauka, nan ake neman adon takobi da na sirdi da zobba da kayan auren 'ya'yan sarauta. Masu wannan aiki su ne maƙeran fari, waɗanda suke sarrafa azurfa da tagulla da jan ƙarfe, dabam da maƙeran baƙi masu garma da lauje da mashi.

Wanda bai karanta fiƙihu ba zai ɗauka tsarkin azurfa magana ce ta ciniki kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan daular Usmaniyya suke hukunci da ita, azurfa ma'auni ce ta ibada da ta shari'a. Nisabin zakka dirhami 200 ne, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, ko dirhami 3 na azurfa tsantsa, kuma wannan adadi shi ne nisabin sata. An halatta wa namiji zoben azurfa guda ɗaya wanda bai wuce nauyin dirhami 2 ba, da adon takobi da na Alƙur'ani, an haramta wa kowa ci da sha a ƙwaryar azurfa. Dirhami 200 a awon yau wajen giram 595 ne. In aka bi nauyin riyal yadda yake, riyal 21 da 'yan kai sun cika nisabi. In kuma aka cire jan ƙarfen da ke cikinsa aka ƙirga azurfar zalla, wadda ba ta wuce giram 23 da ɗoriya a kowane ɗaya ba, sai an haura riyal 25. Malamai ba su bar wannan a duhu ba. Abin da ke cikin Muhtasar na Halil shi ne, kuɗin da aka gauraya in yana tafiya a kasuwa kamar cikakke to a ɗauke shi cikakke, in kuwa ba ya tafiya haka sai a lissafa tsantsar da ke ciki.

Akwai kuma hukunce-hukunce biyu da suka shafi maƙeri kai tsaye, waɗanda suka tsara yadda ake hulɗa da shi. Na ɗaya, musayar azurfa da azurfa ba ta halatta sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. Saboda haka bai halatta mutum ya ba maƙeri riyal, ya karɓi munduwar da aka riga aka ƙera mai nauyinsu, sa'an nan ya ƙara masa ladan aiki a kai ba. Hanyar da ta halatta ita ce ya kawo azurfarsa, a ƙera masa ita, ya biya lada. Na biyu, mai sana'a yana lamunin abin da aka ba shi ya ɓoyu da shi, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Waɗannan hukunce-hukunce sun sa riyal ya zama shi ne shaida. Mai kaya ya san abin da ya kawo, an auna shi a gabansa, in yana da haƙuri ya zauna bakin maƙera har a narke, in an gama kuma a sake ɗorawa a ma'auni. Sai dai fa ma'auni nauyi kawai yake faɗa. Maƙerin da ba ya tsoron Allah yana iya rage azurfa ya cika gurbinta da wani ƙarfe, nauyi ya fito daidai. Daga nan ne aka shiga buƙatar gwaji.

Gwaji na farko shi ne na kunne. A ɗora riyal a kan ɗan yatsa a ƙwanƙwasa shi da wani, ko a jefa shi a kan dutse: azurfa tana ba da amo siriri mai tsawo, dalma kuwa sai ta ce tim, ta yi shiru. Na biyu shi ne haƙori da farce, domin dalma tana karɓar shaidar cizo, wadda ta yi yawa ma farce yana zana ta. Na uku a goga abin a jikin farar takarda ko farin ƙyalle, in ya bar layi toka-toka kamar na fensir to akwai dalma mai nauyi a ciki. Kuza kuma yana da wata ɗabi'a tasa, in aka lanƙwasa shi kusa da kunne sai a ji yana ƙas-ƙas kamar ana tauna yashi. Tsufansu ma ya bambanta. Azurfa in ta daɗe takan yi baƙi, musamman a cikin lungunan zane, saboda haɗuwarta da farar wuta da ke cikin iska da gumi, amma da an wanke ta da tsamiya ko lemun tsami sai farinta ya dawo. Dalma kuwa dushewa take yi, ta koma ruwan toka, kuma gogewa ba ta ba ta irin wancan haske.

Ilmin kimiyya ya zo ya ba da dalilan abin da tsofaffi suka gane da hannu. In aka ɗauki gwargwadon ruwa mai nauyin giram 1, azurfa mai wannan girma tana da giram 10.5, kuza 7.3, dalma mai nauyi 11.3, jan ƙarfe 8.9, sanholo kuwa 2.7 kacal. Ke nan in aka zuba riyal na ƙarya da kuza, girmansa ɗaya da na gaske, ba zai wuce giram 20 ba, hannun ɗan kasuwa kuma ba ya rasa jin giɓin giram 8. Mai jabu yana iya gyara nauyin ta hanyar ƙara dalma mai nauyi, amma kafin ya kai giram 28 sai ta zama wajen kashi huɗu cikin biyar na haɗin, a lokacin kuwa abin ya yi taushi, ya yi duhu, amonsa ya mutu. Duk ƙofar da ya toshe sai wata ta buɗe. Hukunci na ƙarshe kuwa na wuta ne: kuza yana narkewa a digiri 232, dalma mai nauyi a 327, azurfa kuwa sai 962. Abin da garwashin murhu ya zubar da shi ba azurfa ba ne. Illar wannan gwaji ita ce, kafin ya ba da amsa ya riga ya ɓata kayan.

Yana da amfani a leƙa ƙasar Sin a nan, domin tana cikin ƙasashen da suka fi shan azurfar duniya a ƙarni na 18, kuma daga can ne maganar za ta dawo ƙasar Hausa ta wata hanya. Su ma Sinawa da dalar Sifen suke ciniki da Turawa a birnin Kanton, su ma suna da dalma mai kyau da suke ƙera butoci da ita. Dabararsu ita ce, ɗan kasuwa in ya gwada dala ya yarda da ita sai ya buga mata ɗan hatiminsa na ƙarfe, wanda yake huda fatar kuɗin ya nuna cikinsa, har akan sami dala ɗaya da hatimai barkatai sun rufe fuskarta. Amma kuma Sinawan nan su ne suka daɗe suna haɗa jan ƙarfe da nikel da tutiya su fitar da wani farin ƙarfe da ake kira faktong. A shekarun 1820 masana'antun Jamus suka gano sirrin haɗin, suka shiga yin sa da yawa, har aka sa masa suna azurfar Jamus, ko da yake babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Wannan ƙarfe shi ne abokin gaba na gaske. Yana da ƙwari, haƙori ba ya kama shi, ba ya zana takarda, yana da amo, garwashi ba ya narkar da shi. Abin da yake tona shi sai nauyi, domin bai kai 9 ba inda azurfa take 10.5, sai kuma asid ɗin naitirik, wanda in aka ɗiga a inda aka ɗan kankare da magagari yakan koma kore, a kan azurfa mai kyau kuwa ya yi fari kamar madara. Cokula da sarƙoƙi da tarkacen wannan ƙarfe sun shigo ƙasar Hausa tare da sauran hajar kantunan Turawa, gwaje-gwajen da aka gada kuwa ba dominsa aka yi su ba.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. A farkon mulkinsu suka hana shigo da wuri da riyal, suka matsa a biya haraji da kuɗinsu. Da fari wannan bai rushe tsohon tsari ba, domin sulen Ingila na lokacin ya ma fi riyal tsarki, kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce, haka kuma sulallan da Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fara bugawa a 1913. Ta arewa kuma, daga ƙasar Faransa, ana samun azurfar faran 5 mai giram 25, wadda sunanta na dala ya zauna a bakin Hausawan Nijar har yau. Maƙeri dai bai rasa abin narkewa ba, mai kaya kuma bai rasa shaida ba. Abin da ya sauya kome shi ne tsadar azurfa bayan Yaƙin Duniya na Farko. A 1920 Hukumar ta bar azurfa, ta koma buga sule da dala da sisi da taro da wani haɗin tagulla. Jama'a suka yi abin da kowane mai hankali zai yi: suka ɓoye tsofaffin sulalla, ko suka kai su maƙera, suka biya haraji da sababbi.

Sabon sulen nan kuwa ya zo wa masu buga na ƙarya da sauƙi, tun da ƙarfensa ba shi da tsada kuma ana iya zuba shi a yumɓu. A shekarun 1920 da 1930 kotunan Nijeriya sun sha shari'ar masu wannan aiki, ƙasar Ijebu ta kudu maso yamma kuma ta yi suna a kai, har masana harshe suna cewa daga sunanta ne Hausa ta sami kalmar jabu. Adalci dai shi ne a ce ba su kaɗai suka yi ba, suna ne ya bi su. Sai a 1938 aka sake fitar da sulalla na tagulla mai nikel, masu wani kwari a gefe wanda yake da wuyar kwaikwayo. Dabarar gefen riyal ce aka komo gare ta bayan shekara fiye da 150. Ingila kanta ta rage azurfar kuɗinta zuwa rabi a 1920, ta cire ta ɗungum a 1947. Kuɗin da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 1959, da naira da kwabo na 1973, babu azurfa a cikinsu.

Sakamakon wannan a wurin maƙeran fari a fili yake. Azurfa ta zama sai an saya da tsada ko an narke tsohon kaya, sanholo kuwa ga shi a tsofaffin tukwane, yana narkewa a digiri 660, yana fari fat. Adon talaka da na dawaki da yawa suka koma sanholo da tagulla da azurfar Jamus. Bai kamata a kira wannan algus ba matuƙar mai saye ya san abin da ya saya. Rikicin yana tasowa ne bayan shekara 50 ko 60, sa'ad da mai sayen da maƙerin duk sun rasu, magada kuma suka buɗe adaka suka tarar da fararen mundaye waɗanda suka ji ana cewa na kaka ne.

A ɗauka, alal misali, wata tsohuwa ta rasu a Tursa ta ƙasar Rabah, ta bar mundaye huɗu da riyal biyu da aka huda aka yi abin wuya da su. Kafin alƙali ko malamin da zai raba ya sa musu ƙima, tambayoyi biyu ne a gabansa, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Ta farko, mene ne ƙarfen? Wannan tana da amsa tabbatacciya: a auna abin a ma'aunin giram, a tsoma shi cikin ruwa a ga yawan ruwan da ya ture, a raba, in ya faɗo kusa da 10 to ana kan hanya, sa'an nan a tabbatar da asid a wani lungu da ba ya nunawa, domin akwai tagullar da aka yi wa ruwan azurfa a sama kawai. Maganaɗisu, wanda 'yan kasuwa da yawa suke dogara da shi, baƙin ƙarfe yake kamawa; dalma da tagulla da sanholo duk suna wuce shi lafiya. Wannan gwaji ya ƙara zama wajibi tun daga 2018, sa'ad da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙasashen Rabah da Goronyo suka raba iyalai da ƙauyukansu, domin wanda ya kai kayan gado kasuwar Achida cikin matsi ba shi da ƙarfin musu in mai saye ya ce masa dalma ce.

Tambaya ta biyu ita ce shekarun abin, kuma a nan ma'auni da asid ba su da ta cewa. Baƙin da ake ɗauka alamar tsufa ne ana iya jawo shi cikin yini ɗaya da farar wuta ko gwaiduwar ƙwai. Abin dubawa shi ne inda jiki ya ci: cikin munduwa inda take gogar fata, bakin hujin riyal inda zare ya yi shekaru yana ja, da tudun zane wanda ya lafa alhali kwarinsa yana nan da kaifi. Shekarar 1780 da ke jikin riyal kuwa ba hujja ba ce ko kaɗan. Tsakanin 1935 da 1961 an buga miliyoyinsa a Rum da Landan da Bambai da wasu birane, duk da wannan shekara a jiki, kuma gidan buga kuɗi na Biyana yana buga shi har yanzu. Riyal ɗin da ke cikin adakar Tursa yana iya zama ya zo da ayarin Gadamus zamanin Aliyu Babba, yana kuma iya zama tsarabar wani alhaji ce daga Makka a shekarun 1960. A duka halin biyu azurfar da ke cikinsa giram 23 ce da ɗoriya, kuma a kan wannan ne mai rabo zai yi lissafinsa.